Ra'ayi: Karen kofin shayi, cutar da ake sayarwa da sunan kyau

A damanar bara wani ƙanena da ke zaune a Faransa ya kira ni ta WhatsApp da tsakar dare, muryarsa a dagule. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe maganar kare ce. Ƴarsa mai shekara bakwai ta dame shi da kuka sai an saya mata irin mitsitsin kwikwiyon nan da take gani a TikTok, wanda ake sakawa cikin kofi a ɗauki hoto. Ya ga talla a intanet, ya biya kuɗin da ya kusa albashinsa na wata, aka miƙa masa kwikwiyon cikin kwali a bakin tashar jirgin ƙasa, bai ga uwarsa ba, ba a ba shi takarda ko ɗaya ba. Sati uku ba su cika ba abin ya diro daga kan kujerar falo, ƙafar gaba ta karye. Likitan dabbobi ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma kuɗin aikin ya fi kuɗin karen. Ya ƙara da cewa ko aikin ya yi kyau da sauran rina a kaba, domin akwai rami a tsakiyar kansa da bai rufe ba. Da aka nemi wanda ya sayar, lambarsa ba ta shiga. A wannan watan ƙanena bai aiko wa tsohuwarmu ko dala ba, yarinyar da aka so a faranta wa rai kuma ta kwana tana kuka.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce. Ana fama da tsadar hatsi da rashin aikin yi, kai kuma ka zo mana da zancen karen Turawa. Gaskiyarsu. Amma abin ya riga ya shigo cikin salular kowane matashi a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ya kuma shiga gidajen ƴan uwanmu da ke Faransa, Beljik da Amurka, inda ƴaƴansu suka tashi suna ganin kare a gidan kowane abokin karatunsu. Hukuncin ajiye kare a gida na bar wa malamai, su ne masu shi. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne dabba tana da hakki a kan wanda ya mallake ta, kuma duk wanda ya zauna a gaban malami ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: ƙanƙantar da ta wuce iyaka cuta ce da mutum ya ɗora wa dabba da gangan domin ya samu kuɗi, kuma mai saye ne ke riƙe da wannan kasuwa. Ranar da ya daina saye, ranar za a daina haifar da su.

Babu wani iri mai suna kofin shayi

Sunan da ƴan kasuwa ke amfani da shi shi ne «teacup», wato kofin shayi. Wasu su ce «micro», wasu «mini», wasu «extra toy». Duk sunayen talla ne. Manyan ƙungiyoyin da ke ajiye rajistar irin karnuka, wato Kennel Club ta Ingila da aka kafa a 1873, da AKC ta Amurka ta 1884, da FCI ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1911 mai hedikwata a Beljik, babu wadda ta san wani iri mai wannan suna. Abin da suka sani shi ne ƙananan irin karnuka, kowane da ma'auninsa. Ciwawa, wanda asalinsa Meziko ne, ma'aunin FCI ya fi son ya kai kilo 1.5 kuma kada ya wuce kilo 3. Yoksha kada ya wuce kilo 3.2. Pomeraniya a ma'aunin Amurka yana tsakanin kilo 1.4 da kilo 3.2. Waɗannan karnuka tun asali ƙanana ne ƙwarai. Abin da masu tallar kofin shayi ke yi shi ne su sauka ƙasa da wannan ma'auni, su nemi babban kare da ba zai kai kilo ɗaya ba.

Kuma ko waɗannan ma'aunai ba haka aka faro ba. Yoksha karen ma'aikatan masaƙu ne a arewacin Ingila a ƙarni na 19, aikinsa kama ɓera, kuma ya fi na yau girma. Pomeraniya a da yakan wuce kilo 10. A 1888 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta dawo daga Italiya da wani ƙarami mai suna Marco, mai nauyin kusan kilo 5 da rabi. Da masu kuɗi suka ga abin da sarauniya ke riƙe da shi sai kowa ya ce irinsa yake so, masu kiwo kuma suka yi ta rage girman. Haka abin ya maimaita kansa a zamaninmu. Fim ɗin Legally Blonde na 2001, da hotunan Paris Hilton ɗauke da Ciwawarta cikin jaka, da fim ɗin Beverly Hills Chihuahua na 2008, sun sa Amurkawa sun yi rububin wannan kare. Kafin ƙarshen 2009 gidajen ajiye karnukan da aka yasar a jihar Kalifoniya sun cika da Ciwawa, har ana ɗibarsu a jirgin sama zuwa wasu jihohi neman masu riƙo. Yau Instagram da TikTok ne suka gaji sarauniya da ƴan fim. A 2023 kundin Guinness ya bayyana wata Ciwawa mai suna Pearl a jihar Florida a matsayin kare mafi gajarta a duniya, tsayinta santimita 9.14, nauyinta giram 553. Buhun sukari na kilo ɗaya ya kusa ninka ta biyu. Duniya ta yi tafi, kasuwa ta ƙara samun abin kwatance.

Abin da hoto ba ya nunawa

Hoto daƙiƙa ɗaya ne, shi kuwa kare a cikin wannan jiki yake kwana yake tashi. Ga abin da likitocin dabbobi suka daɗe suna gani a ƙananan karnuka, wanda kuma yake ƙara tsananta gwargwadon yadda jikin ya ƙara ƙanƙancewa.

Na farko faɗuwar sukari a jini. Ɗan mitsitsin kwikwiyo ba shi da kitse ko tsoka ko hantar da za ta ajiye masa guzuri. Idan ya tsallake abinci sau ɗaya, ko ya yi zawo, ko ya gaji da tafiya, sai ya fara layi, ya yi rawar jiki, ya faɗi kamar mai farfaɗiya, yana iya mutuwa cikin sa'o'i. Shi ya sa ake ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Wanda ke fita aiki da asuba ya dawo da dare ba zai iya ba.

Na biyu kai. Kowace uwa ta san maɗigar jariri da yadda ake kaffa-kaffa da ita har ta rufe. A Ciwawa da yawa maɗigar ba ta rufewa har tsufa, fata ce kawai tsakanin ƙwaƙwalwa da duniya. Wasu kuma ruwa ke taruwa a cikin kan, ya danne ƙwaƙwalwa, ya kawo makanta, zagaye wuri ɗaya da farfaɗiya. Wannan kumburarren goshi da manyan idanuwa da suka fito waje, waɗanda ake cewa kyau ne, a wasu kwikwiyoyin alamar wannan ciwon ce. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Na uku ƙashi. Ƙasusuwan ƙafar gaba sirara ne kamar tsinken tsire, kuma jini ba ya isa ƙarshensu sosai, don haka suna karyewa da sauƙi, suna wuyar ɗoruwa. Dirowa daga gado ko kuɓucewa daga hannun yaro ya isa. Ƙoƙon gwiwa kuma yakan goce daga mazauninsa, ka ga kare yana tafiya yana ɗage ƙafar baya. Akwai kuma ciwon da ke sa kan ƙashin cinya ya mutu saboda rashin jini tun kare bai shekara ba.

Na huɗu baki. Babban kare haƙora 42 gare shi, ko na farauta ne ko na cikin jaka. An rage muƙamuƙi amma ba a rage yawan haƙora ba. Sai su cunkushe, haƙoran nono su ƙi faɗuwa, abinci ya maƙale, dasashi ya ruɓe, har ƙashin muƙamuƙin ya yi rauni.

Na biyar maƙogwaro da hanta. A Yoksha da Pomeraniya bututun iska yakan yi laushi ya lotse, kare ya riƙa tari mai ƙara kamar kukan dinya, musamman idan an ja shi da igiya a wuya ko zafi ya yi yawa. Yoksha da ɗan Malta kuma an san su da wata naƙasa ta haihuwa inda jini ke kauce wa hanta, dattin da ya kamata ta tace ya wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Abin lura a nan shi ne wannan naƙasar tana hana kwikwiyo girma. Ke nan sau da yawa wanda ya fi kowa ƙanƙanta a cikin ƴan uwansa, wanda aka fi tsawwala wa kuɗi, ciwo ne ya tsumbure shi.

A ƙarshe, ko maganin ma wuya gare shi. Jinin da ke jikin kare mai kilo ɗaya bai kai mililita 100 ba, abin da zai ɗan fi ƙaramin kofin shayinmu. Jijiyarsa da ƙyar allura ke samunta, maganin barci na aiki yana iya fin ƙarfinsa, jikinsa kuma yana saurin yin sanyi a kan teburin likita. Abin da babban kare zai warke daga gare shi cikin kwana biyu shi ne ajalin wannan.

Yadda ake samar da su

Masana sun gano tun 2007, a wani bincike da mujallar Science ta buga, cewa wata ƙwayar gado mai suna IGF1 tana da babban hannu a ƙanƙantar karnuka. Ke nan ƙanƙanta gado ce, ana iya zaɓenta. Mai neman kuɗi da gaggawa kuwa hanya mafi kusa yake bi. Ya ɗauki tsumburarren wannan ciki ya haɗa da tsumburarriyar wancan, sau da yawa dangin juna na kusa, ba tare da ya tambayi abin da ya hana su girma ba. Duk cutar da ke ɓoye a jikinsu sai ta haɗu a jikin ƴaƴan. Wasu kuma ƙarya suke yi a kan shekaru, su sayar da ɗan sati biyar a matsayin ɗan wata uku domin a ɗauka iyakar girmansa ke nan. Akwai masu rage wa kwikwiyo abinci don kada ya yi jiki kafin a saya.

Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce uwar, kuma ita ce ba a nunawa a hoto. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ne a ƙiyasi. Idan ƙugunta ƙarami ne, ƴaƴan kuma masu manyan kawuna, haihuwa sai ta gagara, sai an fiɗe ta. Da yake ƴaƴa ɗaya ko biyu ko uku take haifa, mai kasuwa yana maimaita mata ciki a kai a kai domin ya mayar da kuɗinsa. Idan ta gaji a yasar da ita.

Makiyayinmu ya riga Bature sani

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ɗan ƙasar makiyaya zai faɗa wannan tarko. Je kasuwar dabbobi ko wacce a ƙasar nan ka ce wa Bafillace kana neman ragon barbara, amma ka fi son wanda ya fi kowa tsumburewa a garke, wanda ba ya iya tsayuwa da kyau. Zai dube ka ne ya yi shiru. Matar da ke kiwon jar akuyar Maraɗi ta san wace ƴar akuya za ta bari ta zama uwa, wace za ta kai kasuwa. A tashar kiwo ta Tukunus an shafe shekaru ana zaɓen shanun Azawak domin nono da juriya. Ka'idar ɗaya ce: iri daga lafiyayye ake ɗauka, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka nan mai rarrafe ba ya haifar mai gudu.

Har a karnuka muna da abin nunawa. Karen Azawak, wanda ya samo sunansa daga yankin Azawak da ya ratsa arewacin jihar Tawa zuwa Mali, Abzinawa da maƙwabtansu sun riƙe shi ɗaruruwan shekaru domin gadin zango da farauta. Dogo ne siriri, tsayinsa yakan kai santimita 70, yana jure zafin da zai kashe karen Turai. Ba a zaɓe shi don hoto ba. Wanda ya iya gudu, ya iya gadi, ya jure ƙishirwa, shi ne ya bar baya. Turawa sun ɗauke shi zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, kuma AKC ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Su suna zuwa neman namu saboda ƙarfinsa, mu kuma mu tara kuɗi mu sayo nasu saboda rauninsa.

Ga kuma maganar yanayi ga mai tunanin shigo da irin wannan kare gida. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, wuta tana ɗaukewa, na'urar sanyi ta tsaya. Kare mai lotsattsen maƙogwaro da haki yake rage zafin jikinsa, hakin kuma shi ke ƙara toshe shi. Idan ƙafarsa ta karye, aikin sa ƙarfe a ƙashi mai kaurin tsinke yana buƙatar kayan aiki da ƙwarewa ta musamman, ba kowane asibitin dabbobi ke da su ba ko a Turai. Likitocin dabbobinmu aikinsu ya fi karkata ga shanu, awaki, tumaki da raƙuma, kuma haka ya dace da ƙasar da kiwo ke cikin ginshiƙan arzikinta.

Can ma sun fara ja da baya

Ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan yayi su ne yanzu ke neman hanyar fita. Tun 1987 yarjejeniyar Turai ta kare dabbobin gida ta ɗora wa mai kiwo alhakin duba siffofin da za su cutar da uwa ko ƴaƴanta. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta hana kiwon da aka san zai haifar da azaba. A 2008 BBC ta nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed a kan cututtukan da kiwon ado ya jawo, abin ya tayar da ƙura har tashar ta daina nuna Crufts, babban bikin baje kolin karnuka na Ingila. Holan ta fara aiwatar da ma'auni a 2019 da ya hana kiwon karnuka masu gajeren hanci fiye da kima. A watan Oktoba na 2023 kotun ƙolin Norwe ta yanke hukuncin cewa kiwon Cavalier King Charles, wani ƙaramin karen falo, ya saɓa wa dokar ƙasar, saboda ciwon zuciya da matsewar ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai sun yi wa irin katutu.

An kuma taɓa hanyar sayarwa. A Ingila, tun Afrilun 2020, dokar da ake kira ta Lucy ta hana dillali sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda aka haife shi a hannunsa. A Faransa dokar 30 ga Nuwamba 2021 ta wajabta wa mai son ɗaukar kare ya sa hannu a wata takardar alkawari kwana bakwai kafin ya karɓa, ta kuma hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kantunan dabbobi daga 1 ga Janairun 2024. Sayar da kwikwiyon da bai kai sati takwas ba laifi ne, haka ma sayar da wanda ba shi da lambar shaida. Cinikin da ƙanena ya yi a bakin tasha, da ya san wannan, da bai yi shi ba. Baƙo kuma da ke lallaɓa takardun zamansa shi ne ya fi kowa buƙatar nisantar cinikin bayan fage.

Abin da masu ja za su ce

Akwai hujjoji biyu da ya kamata a saurara. Ta farko, ƙananan karnuka sun fi manya tsawon rai. Wannan gaskiya ne. Lafiyayyen Ciwawa ko Yoksha yana iya wuce shekara 13, alhali manya-manyan irin karnuka da yawa ba sa kai 10. Saboda haka ban ce ƙaramin kare laifi ne ba. Ga mai zaune a ɗaki biyu a hawa na shida a wajen birnin Paris, ƙaramin kare ya fi masa sauƙi. Akwai masu kiwo na kirki da ke gwada lafiyar iyaye, su tsaya cikin ma'auni, su ƙi ɗaukar iri daga tsumburarre. Faɗana da wanda ya mayar da ƙanƙantar kanta haja ne, yana ƙara kuɗi duk lokacin da giram ya ragu.

Ta biyu, wani zai ce kuɗina ne, kuma kwikwiyon an riga an haife shi, in ban saya ba wa zai cece shi? Wannan tausayin shi ne jarin mai kasuwa. Duk wanda ka saya don ka cece shi, ka biya kuɗin cikin da za a sake ɗora wa uwarsa. Idan ceto kake so, gidajen ajiye dabbobi irin na SPA a Faransa cike suke da ƙananan karnukan da masu su suka gaji da su, an yi musu rigakafi, an san halinsu, kuɗin kuma bai kai na dillali ba.

Idan ka ƙudura sai ka saya

Kada ka biya ko sisi kafin ka je da ƙafarka ka ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi. Wanda ya ce ku haɗu a tasha ko wurin ajiye motoci, ko ya ce ka turo kuɗi a aiko maka, rabu da shi. Damfarar sayar da kwikwiyon da babu shi ta yi yawa a intanet, kuma hotunan mitsitsin karnuka ne ƙugiyarta. Tambayi nauyin uwa da uba. Idan uwar ba ta kai kilo 2 ba, ka yi tunani sau biyu. Tambayi ciki nawa ta yi, ko ta haihu da kanta. Nemi takardar likita a kan gwiwa, zuciya da idanun iyayen, da littafin rigakafin kwikwiyon. Duk tallar da ka ga an rubuta kofin shayi ko «micro», wuce ta. A cikin ƴan ciki ɗaya zaɓi mai kuzari, mai cin abinci, matsakaici, ka bar wanda ke rakuɓe a gefe ko da shi ya fi shiga ranka. Mai kiwo na gari shi ma zai yi maka tambayoyi, yara nawa ne a gidan, wa ke yini da karen, kuma ba zai ba ka shi da wuri ba. Da yawansu sukan riƙe irin waɗannan har sati 12. Ka kuma yi lissafi kafin ka shiga. Yuro 1000 kusan jika 656 ne na sefa, kuma kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe a shekara goma ko fiye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Idan kuma karen yana hannunka tuni, amanarka ce, ba a yasar da ita. Ka ɗaura masa igiya a ƙirji maimakon wuya. Kada a bar shi a kan gado ko kujera, kada a bar ƙaramin yaro ya ɗauke shi a tsaye. Idan ya fara layi da rawar jiki, shafa masa ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi ka garzaya wurin likita. Kada ka ba shi maganin mutane da ka, ƙwaya ɗaya tana iya kashe shi. Mafi muhimmanci, kada ka ɗauki iri daga gare shi don ka mayar da kuɗinka. A nan ne sarƙar take tsinkewa.

Ga mu da ke gida kuwa, idan muna da kuɗin kashewa a kan kare, akwai inda ya fi cancanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne, kuma kusan duka ta cizon kare ake kamuwa. Allurar rigakafi ga karen gadin gidanku da na maƙwabta ta fi mitsitsin kare na cikin kofi amfani ga unguwa. Ga matasa masu tunanin shiga sana'ar kiwon karnuka kuma, ku fara da tambayar da kakanninku ke yi a gaban garke: wannan dabbar za ta iya rayuwa da ƙafafunta?

Karen ƙanena ya rayu. An yi aikin, yana ɗingishi, ana ba shi abinci sau huɗu a yini, an shimfiɗa barguna a duk inda zai iya faɗuwa. Yarinyar tana son shi kamar ranta, kuma duk lokacin da ya yi tari sai ta ruga ta kira babanta. Kwanan baya ta tambaye shi me ya sa nata karen ba ya iya gudu kamar na sauran yara. Ya ce mini ya rasa amsar da zai ba ta. Na ce ya faɗa mata gaskiya: wani ne ya so shi a haka, mu kuma muka biya.